Ciwon ƙugu da ya ƙi jin magani: jawabin malamin lakwal a taron ƙungiya

 

Kwamitin lafiya na ƙungiyarmu ne ya ɗora mini in yi muku bayani a kan ciwon ƙugu mai daɗewa. Kun san ni, alli ne kayan aikina, ba allura ba. Abin da zan faɗa na tattaro shi daga littattafan likitanci na Faransanci, na juya shi cikin harshenmu, kuma majo na likitarmu ya karanta takardar kafin in tsaya gabanku. Akwai wata cuta guda da zan daɗe a kanta. Ba ta da yawa ko kaɗan. Amma hanyar da ake bi a gano ta, ita ce dai hanyar da ake bi a gano sauran cututtukan ƙugu da suka fi ta yawa a ƙasarmu, shi ya sa na zaɓe ta.

Mu fara da wurin da ciwon yake. Mu Hausawa in mun ce ƙugu, muna haɗa baya da kwankwaso da kwatangwalo duka. Gaɓar da nake nufi ita ce mahaɗar ƙashin cinya da kwatangwalo. Tana can ciki, ta gaba, wajen matsematsi. Mahautanmu sun fi kowa saninta. In suka raba cinyar rago daga jiki, sukan ga kan ƙashi dunƙulalle, fari, mai santsi, kamar ƙwallon goruba, yana zaune cikin wani ƙoƙo. Farin nan mai santsi guringuntsi ne. Sukan ga kuma ɗan ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa. To, wannan ruwa shi ne man gaɓa, kuma akwai wani tantani siriri da ya shimfiɗe cikin jakar da ta rufe gaɓar, shi ke yin ruwan. Lokotoro suna ce wa tantanin sinobiyal. Ku riƙe wannan kalma, za mu yi ta komawa gare ta.

Ga mai lafiya, tantanin nan bai kai kaurin takardar da ke hannuna ba. A cikin cutar da muke magana, sai ya kama tofo. Ya yi kauri, ya yi tsiro ƙanana-ƙanana kamar cikin tumbin rago, wani wuri ya yi ƙulli-ƙulli. Tsiron nan yana da saurin zubar da jini. Jinin ba ya da hanyar fita, sai ya kwanta cikin gaɓa, ya tsufa, ƙarfen da ke cikinsa ya rine tantanin ya koma launin tsatsa. Kun san akwai sinadarin ƙarfe cikin jini, shi ya sa ake ba mata masu ciki ƙwayar ƙarin jini. Daga waɗannan abubuwa uku, tsiro da ƙulli da rini, aka haɗa sunan cutar. In kun ga an rubuta "synovite villonodulaire pigmentée" a takardar lokotoro, ita ce. Wani likitan fiɗa na Faransa mai suna Chassaignac ya fara ba da labarin irinta a jijiyar yatsa a 1852. Sunan kuwa, likitoci uku na Amurka ne suka raɗa shi a 1941: Jaffe da Lichtenstein da Sutro. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin ƙari, watau tsiron nama, ta ba ta wani suna, amma tsohon sunan yana nan a bakin lokotoro da yawa.

Kada kalmar ƙari ta tsorata ku. Ba irin ciwon dajin nan ba ne da ke tashi daga wuri ya kama huhu ko hanta. Ɓarnarta a gida take yi, cikin gaɓar da ta kama. Kusan kullum gaɓa ɗaya ce, gefe ɗaya. Ba a ɗaukarta daga wani, ba a gadonta, ba kuma abinci ke kawo ta ba. A 2006 masu bincike suka gano yadda take yi, kuma abin ya ba ni sha'awa. Ashe ƙwayoyin nama kaɗan ne suka lalace cikin tantanin. Waɗannan ƴan kaɗan suna fitar da wani sinadari da ake kira CSF1, shi kuma yana kiran ƙwayoyin tsaron jiki su taru. Kamar makaɗi ɗaya ne ya tsaya bakin gona yana kiɗan gayya: shi ɗaya ne, amma gona ta cika da mutane. Yawancin tsiron nan masu amsa kira ne, ba masu laifi ba.

Yanzu ɗan lissafi, irin wanda nake ba ƴan ajina. Wata ƙidaya da aka yi a Amurka a 1980 ta nuna kamar mutum 2 cikin miliyan ɗaya ne ke kamuwa a shekara. Wata ta ƙasar Holan a 2017 ta samu ninkin haka, 4 zuwa 5 ga irin mai bazuwa. Mu ɗauki na farko. Ƴan Nijar mun haura miliyan 25. In muka ari wancan lissafi, mutum 50 ke nan a shekara a ƙasa duka. Mafi yawansu a gwiwa take kama su. Ƙugu shi ne na biyu, kamar ɗaya cikin goma ko sama kaɗan. Kun ga ke nan ƴan tsiraru ne, daga Gaya har Bilma. Anfirmiye yana iya yin aikinsa har ya yi ritaya bai ga ko ɗaya ba. Saboda haka in ba a gane ta a likitar ƙauye ba, ba sakaci ba ne.

Abin da ya sa take da zafi shi ne waɗanda take kamawa. Ba tsofaffi ba ne. Yawanci masu shekara 20 zuwa 40 ne, maza da mata. Su ne masu riƙe da hauya, su ne masu daka da ɗaukar ruwa, su ne masu tafiya bida su aiko da kuɗin hatsi. In ƙafar irin wannan mutum ta mutu, ba shi kaɗai ya zauna ba, gida ne ya zauna.

Yaya take farawa? A hankali, ba faɗuwa, ba bugu. Mutum ya ji ciwo a matsematsi, ya sauko ta gaban cinya, wani lokaci har gwiwa. Wani ma gwiwar kaɗai zai riƙa nunawa, alhali gwiwa lafiyarta lau, saƙo ne kawai take karɓa daga sama. Ciwon ya zo ya tafi. Wata rana ya taso da ƙarfi kwana biyu ko uku, lokacin da jini ya zuba cikin gaɓa, sannan ya lafa, mutum ya ce ai na warke. Sannu-sannu gaɓa ta riƙe. Tsugunno ya yi wuya. Harɗe ƙafa a tabarma ya gagara. Zaman tahiya ya zama aiki. Ɗaga ƙafa a hau moto ko jaki sai da cije baki. Ɗingishi ya shigo, cinyar gefen ta fara ramewa. Da a gwiwa ne, da kowa ya ga kumburi. Amma ƙugu yana binne ƙarƙashin nama, ba abin da ido ke gani. Mutum yana cin tuwonsa, ba zazzaɓi, ba rama. Nan ne bakin mutane ke shiga. A ce ragwanci ne, ba ya son noma. In mace ce a ce kishi ne, ko ba ta son aikin gidan miji. Wasu su ce sanyi ne, wasu su ce sawu aka ɗauka.

Akwai wani matashi a wani gari kusa da mu, ya ba ni izini in faɗi labarinsa, ban da sunansa. Yana da shekara 27 ciwon ya fara. Shekarar farko ƙwayoyin tebur ya yi ta sha ranar kasuwa. Suna kwantar da zafi na wuni ɗaya, gobe a koma. Aka yi masa ƙaho, aka yi tsaga, aka kai shi wurin maɗori. Maɗorin ya taɓa, ya ce ba karaya ba targaɗe, wannan ba aikinsa ba ne. Ni a ganina wannan dattijo ya yi gaskiya, ya kuma san iyakar sana'arsa, Allah ya ƙara mana irinsa. A shekara ta biyu aka ɗauki hoton ƙashi, wanda muke ce wa radiyo, aka ce ba a ga kome ba. Ya dawo gida da kunya, har wasu suka ce ai mun faɗa. A shekara ta uku wani hoton ya nuna ƙashi ya fara cinyewa, aka zaci tarin fuka ne na ƙashi, ya sha magani wata da watanni ba canji. Sai a shekara ta huɗu, da ƴan'uwansa na kurmi suka haɗa kuɗi, aka yi masa babban hoto, aka yanki nama aka auna, cutar ta samu suna. Lokacin kan ƙashin ya riga ya lalace.

Ku lura da hoton farko, don nan ne mutane da yawa ke tsayawa. Radiyo ƙashi yake gani, ba ya ganin tantani. Cutar kuwa a tantani take farawa. Saboda haka a farkon ciwo hoton yana iya fitowa tas alhali cuta tana ciki tana aiki. "Ba a ga kome ba" ba ya nufin "ba ka da kome". In ciwo ya ci gaba, a koma, a sake. Kuma ƙugu ya fi gwiwa saurin lalacewa. Jakar gwiwa tana da yalwa, tsiro yana samun wurin bazuwa. Jakar ƙugu matsattsiya ce, tsiro ba ya da inda za shi sai cikin ƙashi. Sai ya riƙa ƙwaƙule shi yana yin ramu, a wuyan ƙashin cinya da kansa, da kuma cikin ƙoƙon. Lokotoron da ya ga ramu a ɓangarorin gaɓa biyu ga matashi mai ƙoshin lafiya, ya kamata wannan cuta ta faɗo masa a rai.

Amma kafin ya kai can, dole ya fara da abin da ya fi yawa, kuma daidai ne ya yi haka. Wanda ya ji motsi cikin rumbu, ɓera zai fara zato. A ƙasarmu manyan abokan zato biyu ne.

Na farko tarin fuka. Da yawa ba su san yana kama ƙashi ba, yana kuwa kamawa, baya da ƙugu musamman, kuma ba lalle mutum ya yi tari ba. Shi ma a hankali yake zuwa, gefe ɗaya, shi ma yana cin ƙashi. Bambancin shi ne mai tarin fuka sau da yawa yana rama, yana zazzaɓin yamma, yana gumin dare, kuma awon jini yakan nuna jiki yana faɗa da wani abu. Mai cutar tantani kuwa awon jininsa yawanci lafiya lau yake fitowa. Duk da haka suna kama da juna har su ruɗa ƙwararre. Shawarar da zan ba ku a nan: in an ba ku maganin tarin fuka, ku sha shi yadda aka ce, kada ku yanke da kanku, don yanke shi haɗari ne babba. Amma in wata biyu, wata uku sun wuce ba sauƙi, ku koma ku faɗa. Ba rashin kunya ba ne. Lokotoro yana bukatar wannan labari don ya sake tunani.

Na biyu amosanin jini, wanda muke ce wa emasi. Shi kan toshe ƙananan hanyoyin jini da ke ciyar da kan ƙashin cinya, ƙashin ya mutu ya ruɓza. Yana da yawa a cikinmu, har akwai cibiya ta musamman dominsa a Yamai. Awon jini yana raba gardama. Irin wannan mutuwar ƙashi tana kuma samun wanda ya daɗe yana shan ƙwayoyin nan na kortizon, kuma a nan ina magana da ƙannena mata masu sayen ƙwayar ƙiba gabanin biki. Ƙibar wata uku ce, ƙugun kuwa na har abada ne. Masu shan diklofenak kullum su ma su sani yana cin ciki, yana taɓa ƙoda. Taramol kuwa ba sai na faɗa ba, kun ga abin da ya yi wa samarinmu.

Sauran zan wuce su da sauri. Tsoho mai ciwon ƙugu, yawanci zaizayewar guringuntsi ce ta shekaru. Yaro ɗan lakwal mai ɗingishi yana da nasa cututtukan dabam, kuma in ya ce gwiwa ke ciwo a duba ƙugunsa, mu malamai mukan fara ganin irinsu a filin wasa. Akwai kuma wata ƴar'uwar cutarmu, inda tantanin ke haifar da ƙananan guringuntsi kamar tsakuwa su cika gaɓa. Abu ɗaya ne ba ya jira: ciwon ƙugu da ya zo farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, mutum ya kasa taka ƙasa. Wannan mugunya ce cikin gaɓa har sai an tabbatar ba ita ba ce. Ranar nan za a tafi likita, ko da dare ne, ko da amalanke.

To, in an kawar da waɗannan, me ya rage? Lokotoro zai kwantar da mutum rigingine, ya lanƙwasa ƙafar, ya juya ta ciki da waje. Gaɓar da ke da cuta ba ta yarda a juya ta ciki. Yana iya sa allura ya zuƙo ruwan gaɓa. Na mai lafiya garai yake, ɗan rawaya. In ya fito ja ko launin ƙasa, alhali mutum bai faɗi ba, bai bugu ba, alama ce babba. Sannan sai babban hoton da ake kira IRM. Wannan ba irin radiyo ba ne. Na'ura ce mai ƙaton mayen ƙarfe. Mutum ya kwanta a tura shi cikin wani bututu, ya yi kamar rabin awa ba motsi, tana ƙara kamar injin niƙa, ba zafi ba ciwo. Ana cire zobe da ƴan kunne da duk layar da ke da ƙarfe, kuma mai wani ƙarfe cikin jiki dole ya faɗa tun kafin ya shiga. Ita tana ganin nama da tantani. Ga kuma abin mamaki: ƙarfen tsohon jinin nan da ya rine tantani yana dagula mayen ƙarfen, sai wurin ya fito baƙi ƙirin a hoto. Rinin da ya ba cutar sunanta shi ne ke tona mata asiri. Sikanar yana nuna ramun ƙashi da kyau, amma wajen tantani IRM ta fi shi. Sai dai irin wannan na'ura sai manyan asibitoci kamar na Yamai, kuma kuɗinta ba na wasa ba ne ga manomi.

Hukunci na ƙarshe na madubin awo ne. A ɗebi ɗan nama daga tantanin a aika ɗakin da suke ce wa anapat. Can za su ga manyan ƙwayoyin nama da ɗigon tsatsa, su kuma tabbatar ba tarin fuka ba ne, ba kuma mugun ƙari ba. Sakamakon yana ɗaukar kwanaki, wani lokaci makonni. Kada a gaji a bar shi can. Mutum ya sha wahalar tafiya da yanka, sannan a rasa mai komawa ya karɓo takarda, wannan asara ce biyu.

Magani aikin fiɗa ne. A kankare tantanin da ya lalace. In ƙulli ɗaya ne a wuri ɗaya, a cire shi, yawanci shi ke nan. In mai bazuwa ne, yana da halin ƙaiƙayi, yakan dawo, don haka sai an riƙa komawa ana dubawa shekara da shekaru ko da mutum ya ji garau. In an zo da wuri, mutum ya tsira da gaɓarsa ta haihuwa. In kan ƙashi ya riga ya cinye, sai a sa gaɓar ƙarfe da roba, wadda ake ce wa protez. Tana kawar da ciwo ƙwarai, mutum ya yi tafiya. Amma tana da tsada, tana zaizayewa, kuma ɗan shekara 30 yana iya bukatar a sake masa wata kafin ya tsufa. Akwai ƙwayoyi sababbi masu toshe kiran nan na CSF1, watau su kashe kiɗan gayyar. Amurka ta yarda da ta farko a 2019, amma tana iya cutar da hanta, har hukumar magunguna ta Turai ta ƙi ta a 2020. Amurka ta yarda da ta biyu a 2025. An yi su ne domin waɗanda fiɗa ba za ta yi musu ba, kuma na ambace su don kada wani mai jaka ya zo kasuwa ya ce yana da su.

Yanzu abin da ya shafe mu mu ƙungiya. Ba mu da IRM, ba za mu saya ba. Amma shekara huɗun da matashin nan ya yi, rabinta a hannun mutanen gari ta ɓace, ba a hannun likita ba. Duk wanda bai kai shekara 50 ba, ciwon ƙugu gefe ɗaya ya kai masa wata 3, ko ya fara ɗingishi, a raka shi likita. Can ne za a ba shi takardar turawa zuwa asibitin gunduma, daga nan Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, in ta kama har Yamai. Wanda ya tsallake matakan nan ya tafi kai tsaye yakan ɓata kuɗin mota a banza. A gaya wa lokotoro gaskiya: yaushe ya fara, me aka sha, har na tebur da na gargajiya. Ba zai kai kowa kotu ba.

Sai maganar takardu, kuma nan raina yake ɓaci. Na shiga gidaje na ga hoton ƙashi an toshe taga da shi, na ga karnen likita yara sun yage sun yi jirgi. Hoton bara shi ne ma'aunin hoton bana. Lokotoro in ya jera su biyu yana ganin abin da ya canza, in ɗaya ne kawai sai ya fara daga farko, ku kuma ku biya daga farko. A sa su cikin leda, a ajiye cikin akwati, nesa da rana da gara. Wanda ba ya karatu ya kawo mini lakwal bayan an tashi, ni ko abokan aikina mu jera masa su bisa kwanan wata, mu rubuta tarihin ciwon a takarda guda da Faransanci, ya tafi da ita. Ba mu karɓar ko dala.

Iyayena mata, ku ne kuka fi kowa sanin wadda ke daka a tsaye da ƙafa ɗaya cikin gidajenku. Amarya ba za ta faɗa ba, kunya ba za ta bar ta ba. Ku faɗa mata.

Abu na ƙarshe na asusu ne. Dokarmu ta yanzu ta ce asusun taimako na haihuwa ne da rasuwa da gobara. Ina roƙon a ƙara layi guda: rance marar ruwa domin kuɗin mota da na hoto ga wanda likita ta ba takardar turawa, a biya bayan kaka, kuma ƙungiya ta sa mutum ɗaya mai jin Faransanci ya raka shi. Ma'aji ya ce zai kawo lissafin abin da ke cikin akwati a taron wata mai zuwa, sai a tsai da adadi a kaɗa ƙuri'a. Shugaba, na mayar maka da magana. Mai tambaya ya ɗaga hannu, majo yana nan zaune tare da mu.